Milimita Ɗaya a Cikin Injin Baba

Greensboro, Amirka, 11 ga Maris, 2007

Zuwa ga Kakana Alhaji Moutari, garejin bakin tasha, Maradi.

Assalamu alaikum. Kaka, ka yi mini afuwa, gaisuwa za ta biyo baya, don in na fara da ita zuciyata za ta karaya in fasa. Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama. Kwanakin nan duk sallar da na idar sai na roƙi Allah kada Baba ya ci gasar da zai shiga. To, na faɗa. 

Yanzu gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, da gwiwar nan taka, da mutanen gareji. Mu lafiya lau. Mama tana gaishe ka. Ƙanena Rachid ya yi tsawo, har yanzu in an yi masa Hausa da Turanci yake amsawa. Na san kunnenka ba ya jin waya, injuna sun cinye shi, tamu kuma a falo take, kowa na saurare. Shi ya sa na ba Hajiya Jimmai, ƙawar Mama mai kai kaya gida, wannan takarda.

Ga yadda abin ya faro. A gabashin gari, wani wuri McLeansville, akwai tsoho baƙar fata, manomi, Mista Nicodemus. Wurinsa mutanenmu ke sayen ragon layya. Mun je zaɓe, kowa na taɓa ƙugun rago, sai Baba ya ji wata tarakta tana tari a bayan rumbu. Ya bar mu da ragon ya tafi. Mama ta ce ita dai ta je sayen rago ta dawo ba miji.

Ashe taraktar ba ta noma ba ce. Kaka, mutanen nan suna da wasa irin kokowarmu, sai dai taraktoci ne 'yan kokowar! Ana ɗaura wa tarakta wata tirela mai akwatin ƙarfe a kanta. Tana ja, akwatin yana matsowa gaba, gaban tirelar yana nutsewa cikin ƙasa, nauyi na ƙaruwa har taraktar ta kasa. Wadda ta fi nisa ita ta ci. Tsohon ya daɗe yana shiga, amma injinsa ya gaji, shi ma ya gaji, ƙugunsa ba ya barinsa hawa. Sai suka shirya: Baba zai sake gina injin, Baba kuma zai tuƙa a watan Agusta.

Duk Asabar ina bin Baba gonar. In zauna kan damin ciyawa da littafin soyayyata, kowa ya ɗauka karatu nake. Da farko karatun nake yi, wallahi. A littattafan nan in saurayi ya shigo sai zuciyar yarinya ta buga dam. Ni ban taɓa jin dam ɗin ba sai ranar da na leƙa cikin injin na ga ramukan silinda shida a jere suna sheƙi kamar madubi. Kada ka yi kishi, angona, ƙarfe ne kawai.

To ga matsalar. Kowane aji na gasar yana da iyakar cikin inji, wato yawan iskar da silinda shidan ke haɗiya. Ajinsu Baba ɗari uku da sittin ne, da awon inci. Baba kuwa inci ba ya zama a kansa, da milimita da lita ya tashi, kai ka koya masa. Ya tambayi Mista Nicodemus nawa ke nan a lita, tsoho ya ce, "Kusan shida." Ramukan sun ci, sai Baba ya yi abin da kuke yi a gida: ya kai bulok ɗin injin wurin aikinsa, ya faɗaɗa kowane rami da milimita ɗaya, ya sayo fistin masu girma da za su cika ramukan. Lokacin tsohon yana asibiti ana masa aikin ƙugu. Baba ya buga lissafinsa, ya samu lita shida ba ɗigo, ya dawo gida yana waƙa.

Ni kuma a makaranta muna kan awon cikin gwangwani. Don wasa na ɗauki lambobin Baba na juya su zuwa inci. Ɗari uku da sittin da shida. Na goge na sake. Na ari kalkuletan wata yarinya na sake. Shidan nan ta ƙi tafiya. "Kusan shida" ba shida ba ce, Kaka.

Ba kowa suke aunawa ba, sai wanda ya zo na ɗaya, na biyu ko na uku. In Baba ya faɗi, ba wanda zai sani. In ya ci, za su auna su ga ya wuce iyaka, ni kuwa ba na iya ko tunanin abin da zai biyo baya. Kuma injin nan zai ci, ina ji a jikina, abin da ke sa ni murna da tsoro ke nan a lokaci guda.

Ka san ni, a gaban Baba ko gishiri ba na iya cewa a miƙo mini. Me zan yi?

Jikarka,
Houda

*

Maradi, 6 ga Afrilu, 2007

Zuwa ga amaryata 'yar Amirka.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Hajiya Jimmai da kanta ta kawo har gareji. Muna lafiya. Zafi ya sauka, gwiwa tana nan tana mulkinta. Ki gaida uwarki, ki ja mini kunnen Baturen ƙanen naki.

Da fari, mi na yi miki da za ki yi mini kishiya da ƙarfe? Ni da na haƙura ban ƙara aure ba ina jiran ki gama lakkwal, karatun bokon nan naki. To na yafe, tunda ƙarfen ɗan gidanmu ne.

Na biyu, addu'ar nan ki daina ta, ki yi istigfari. Na gane abin da ke damunki. Kina tsoron babanki ya rarake injin da yawa, bangon silinda ya yi siriri, ya fashe da shi a kai. Kwantar da hankalinki. Milimita ɗaya ba ta fasa bulok. Ni nan na taɓa cire ɗaya da rabi a wata babbar mota, ta yi Agadez ta dawo, ta sake komawa, har mai ita ya mutu ya bar ta tana aiki. Iyakar da Nasara ke rubutawa a takarda ta matsorata ce. Inji kamar doki yake, wanda cikinsa ya fi faɗi shi ya fi ja.

Kin ce za su auna. Su auna mana! Su kawo ma'auninsu su ga aikin Maradi. Na karanta wa yaran gareji wurin nan da ƙarfi, na ce ɗana ya gina injin da ya fi ƙarfin ma'aunin Amirka. Har tsire na saya wa kowa. Mai faci na maƙwabta ya ce shi bai yarda ana tara taraktoci don su ja abin da ba za a kai ko'ina ba, na ce shi ma ai tun yana yaro yake hura taya, bai je ko'ina ba.

Lissafin nan da kika yi da kanki ya yi mini daɗi. Babanki sa'ad da yake da shekarunki, in na ce ya auna sai ya sa yatsa ya ce ya yi.

Ga littattafai biyu na aiko miki. Mai shagon ya ce tun daga bangon fari har na ƙarshe kuka ne, na ce to su ne nata.

Mijinki tsoho,
Alhaji Moutari

*

Greensboro, 6 ga Mayu, 2007

Kakana,

Assalamu alaikum. Ina fatan zafi ya yi sauƙi. Mu lafiya, sai Mama da ke fama da atishawa, garin furen itatuwa ya rufe motoci kamar an barbaɗa kurkum. Na gode da littattafai.

Kaka, na karanta wasiƙarka na yi dariya har na riƙe ciki, daga baya na shiga banɗaki na yi kuka. Ba fashewa nake tsoro ba! Ni ce ban yi bayani da kyau ba. Ka tuna kasuwar hatsi? In kowa ya zo da tiya iri ɗaya, sai mutum guda ya zo awo da wadda ya bubbuga gindinta ta ƙara zurfi, me ake kiransa? To iyakar nan tiya ce. Ba don lafiyar inji aka sa ta ba, don adalci ne tsakanin masu gasa. Wanda nasa ya wuce, ko da bai sani ba, mai ha'inci ne a wurinsu.

Jiya na gani da idona. Mista Nicodemus ya kai mu kallon gasar farkon shekara a wani filin baje koli. Kaka, ina ma kana nan! Jar ƙasa an daddaɓe ta, mutane cike da benci, yara da auduga a kunne. Tarakta ta tsaya, direba ya fara ba ta wuta a hankali, turbon injin yana fito, fiton yana hawa yana hawa har ka ji shi a haƙoranka. Sai hayaƙi baƙi ƙirin ya miƙe sama kamar kuka ta tsiro, ƙafafun gaba suka ɗaga, ta tafi tana haƙa ƙasa. Benci yana rawa a ƙarƙashina. Ni da ko a aji ba a jin muryata, sai ga ni tsaye ina ihu. Rachid ya kalle ni kamar bai san ni ba.

Baba shi kaɗai ne mai hula irin tamu a filin. Wani Bature mai jan wuya ya tambayi Mista Nicodemus ina ya samo wannan, tsoho ya dogara sandarsa ya ce, "Rago ya zo saye, Allah ya ba ni ɗan'uwa. Ku jira Agusta, za ku san inda na samo shi." Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Bayan an gama aka ja taraktoci uku gefe. Mai dubawa ya zo da wani famfo mai gilashi, ya ɗaura a silinda guda, aka juya inji, ya karanta. Ta biyun ta wuce iyaka. Kaka, a lasifika aka faɗa, da sunan mutumin da sunan taraktarsa. An ƙwace kofin, an hana shi shiga har shekara. Yana loda taraktarsa a tirela, ba wanda ya je taya shi ɗaure sarƙa. Baba ya girgiza kai ya ce mini, "Kin gani, Houda? Mutum ya zubar da mutuncinsa a kan ɗan ƙarfe. Allah ya kiyaye mu." Na ce amin, muryata kamar ba tawa ba.

Matar tsohon, Mis Celina, ta ba ni masara gasasshiya, ta ce mijinta bai taɓa zuwa na ɗaya ba, amma ko sau ɗaya ba a taɓa samunsa da abin kunya ba. Ta ce likita ya ce bana ce shekararsa ta ƙarshe a wannan wasa. Da sunansa aka yi wa taraktar rajista. Bai tambayi Baba nawa ya cire ba, don ya yarda da shi.

A hanyar dawowa na tattara duk ƙarfina. Na ce, "Baba." Ya ce, "Na'am, 'yar boko?" Ya juyo fuskarsa cike da fara'a, gemunsa duk jar ƙura. Na ce, "A tsaya a sayi ayis kirim." Aka tsaya. Na sha, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Kaka, don Allah kai ka rubuto masa. Kai ubansa ne, kai ka koya masa, daga bakinka zai ji. Wani ɗan Tessaoua zai tafi jibi, shi zai kawo wannan. Hajiya Jimmai tana can wajenku, ka ba ta amsa.

Houda

*

Greensboro, 17 ga Yuni, 2007

Kaka,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Shiru. Kullum sai na tambayi Mama ko Hajiya ta dawo, har ta fara tambayata ko turare na yi saƙo. Ko ka yi fushi ne don na kwatanta ɗanka da mai bubbuga tiya? Ba haka nake nufi ba, wallahi. Wannan ta gidan waya zan aiko, ko za ta riga.

An tada injin! Jiya da hantsi. Baba ya yi bismilla, Mista Nicodemus ya cire hularsa ya yi tasa addu'ar, Mis Celina ta toshe kunne tun ba a taɓa komai ba. Injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Sai ya kama. Kaka, kaji sun watse, tumaki sun taru a kusurwa guda, kwanon rufin rumbu yana kaɗawa. Muryarsa mai kauri ce, ba gargada, irin muryar da nake ba jarumi in ina karatu. Baba ya ɗora tafin hannunsa a jikin injin ya rufe ido, kamar yadda ya ce kana yi. Tsohon yana dariya hawaye na bin kumatunsa. Ni ma na yi tsalle, na manta komai, har sai da na tuna.

Kuma ga wani abu. An yi wa taraktar fenti kore, sai Mista Nicodemus ya ce wanda ya ba ta sabon rai shi zai raɗa mata suna. Baba ya ɗauki buroshi ya rubuta da manyan baƙaƙe farare a gefenta: MOUTARI. Ya ce in an kira a lasifika, yana so duk jihar nan ta ji sunan wanda ya koya masa.

Ka ji. Yanzu sunanka ne za a kira.

Addu'ar nan na kasa ci gaba da ita tun da na ji muryarsa. Na kuma kasa yin kishiyarta. Sai in ɗaga hannu in rasa abin cewa.

Houda

*

Maradi, 2 ga Yuli, 2007

Houda,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ba fushi. Ɗan Tessaoua naki ya wuce garinsu da takardar a aljihu, sai da ya gama gaishe-gaishensa ya tuna da ni. Rana ɗaya suka iso da ta gidan waya. Hajiya za ta tashi gobe, shi ya sa nake sauri.

Na karanta, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Ashe tsiren kunya na raba wa mutane. Kin yi gaskiya, tiya tiya ce, ko a Maradi ko a bayan teku. Tsoho ya karanta abin da yake so ya ji. Kuma sunana a jikinta! Shekara da shekaru ina wannan sana'a ba a taɓa kirana ɓarawo a bakin tasha ba, sai a lasifikar Amirka? A'a.

To saurara, abin yana da magani, kuma tsohon magani ne. Ramin da ya yi faɗi ana sa masa riga. Mu shamis muke ce mata: bututun ƙarfe ne da ake cusawa cikin silinda. Za a ƙara faɗaɗa ramin kaɗan, a sa rigar, sannan a gyara cikinta ya koma awonsa na asali. Rigar takan ɗan fi ramin kauri, da gangan, don ta kama. Sirrin shi ne zafi da sanyi. A shanya bulok a rana ya buɗe, a sa rigunan cikin ƙanƙara su tsuke. Sai a ɗauko da sauri a zura, kafin ki ce kwabo sun rungumi juna, ba mai raba su. Ga soyayya, ba irin ta littattafanki ba. Mu da sai mun bi mai ƙanƙara da roƙo. Ku kuwa an ce kowane gida da firiza. Fistin na asali kuma ki duba, suna nan. Na san ɗana, ko ƙusa lanƙwasasshiya bai taɓa jefarwa ba.

Babanki ya san wannan aiki sarai, tare muka yi shi ba sau ɗaya ba. Abin da bai sani ba shi ne yana bukatarsa.

Amma ba zan rubuta masa ba. Ki yi tunani. In takarda ta zo daga Maradi tana gaya masa abin da ke cikin rumbun da yake shiga kullum, zai gane ɗiyarsa ta zauna gefensa wata da watanni ta kasa yi masa magana, sai da ta kai ƙararsa ƙetaren teku. Wannan ciwon ya fi na inji, kuma ba shi da shamis.

A garejina doka ɗaya ce tun kafin a haifi babanki: wanda kunnensa ya ji ƙara a inji, bakinsa ne zai faɗa, ko jiya ya zo koyo. Ba a korar mai kuskure. Mai gani ya yi shiru ake kora. Ke kika auna. Ke 'yar garejin nan ce ko da ba ki taɓa riƙe sifana ba.

Ni kunnena ya mutu, ke bakinki, kin ga mun dace. Amma ni na samu hanya, ina karanta leɓe. Ke ma nemi taki.

Addu'a kuma ga wadda za ki yi: Allah ya ba shi nasara da tiyar gaskiya.

Kakanki

*

Greensboro, Asabar, 14 ga Yuli, 2007

Kakana, angona mai wayo,

Assalamu alaikum. Hajiya ta iso lafiya, wasiƙarka ta zo tana ƙanshin yaji da man gazuwal na injunanka. Muna lafiya. Zafi a nan ya kai inda in ka taɓa ƙarfe da azahar sai ka yi salati. Da ina ƙorafi, yanzu kuwa kallon rana nake ina cewa ki ƙara, muna da aiki da ke.

Na yi fushi da kai kwana guda. Sannan na tashi.

Na fara da Mama. A kicin, tana yanka albasa, na faɗa wa bayanta, don fuskarta ma ta fi ƙarfina. Ta ajiye wuƙa ta ce, "Tun yaushe kika sani?" Na faɗa. Ta ce, "Shi ya sa kike ramewa, ni ina nan ina zargin wani yaro a makaranta!" Na ce ko ita za ta gaya masa. Ta ce, "Ni ina ruwana da inci? In ya ce in nuna masa a takarda, albasa zan nuna masa? Ke dai faɗi abin da zan iya." Na ce firiza.

Kaka, firizarmu tun layya cike take da ragon Mista Nicodemus, Mama tana ta tattalinsa. Cikin kwana biyu ta kwashe shi tas. Dambun nama, soye, farfesun kai. An kai wa maƙwabta, an kai masallaci, an kai wa Mis Celina. Baba ya dawo aiki ya ce, "Wai suna ake yi a gidan nan ban sani ba?" Mama ta ce, "Ci dai, Malam, baƙi shida nake wa shimfiɗa." Ya dube ta, ya dube ni, na cusa kaina cikin littafi.

Fistin kuwa ka yi gaskiya. Suna bayan rumbu cikin bokiti, an shafe su da mai, an naɗe su da zanen Mama mai ruwan goro wanda take nema tun sanyi. Ban gaya mata wannan ba tukuna.

Kuma ka san me na yi? Na buga waya shagon kayan inji! Ni! Sau biyu ina ajiyewa in an ɗauka. Na uku na rufe ido na karanto abin da na rubuta. Mutumin ya ce akwai rigunan, cikin mako za su iso, har ya ce mini "madam". In an fara yanzu, za a gama a sake tada shi kafin ranar gasa. In aka ƙara mako biyu, ba za a gama ba.

Saura abu ɗaya. Jiya na sake gwadawa bayan la'asar. Na ce, "Baba." Ya ce, "Wani ayis kirim ɗin?" Na gudu ɗaki.

Ka ce in nemi hanyata. Na duba, na ga duk abin da bakina ya kasa, hannuna ya faɗa maka shi ba tare da ya tsaya ba. To ashe ina da hanya tun tuni, adireshin ne kawai na yi ta kuskurewa. Ka yi haƙuri, Kaka, wannan wasiƙar taka ce, amma ba Hajiya zan ba ba.

Baba, in ka kawo nan, ka riga ka gane. Injinmu ɗari uku da sittin da shida ne. Iyaka ɗari uku da sittin, wato lita shida ba kaɗan, kuma kaɗan ɗin ta fi ɗigon da ka bari. Lissafin yana bayan takardar nan, da milimita na fara don ka bi shi da kanka. Aikinka ba shi da aibi, ban taɓa jin abu mai daɗin muryarsa ba. Awon da aka ba ka ne bai cika ba. Na sani tun sanyi, na kasa faɗa, na kai wa Kaka maimakon in kawo maka. Ya kore ni, ya ce in dawo gida. Ba na so a kira sunan Kaka a lasifika sai da alheri. Ba na so Mista Nicodemus ya ɗaure sarƙa shi kaɗai. Ina so ka ci, Baba, in tsaya kan benci in yi ihu har Rachid ya ji kunya, sannan mai famfo ya zo ya auna, mu tsaya muna kallonsa ido cikin ido. Kuma in ka yarda, ranar da za a zura rigunan, ni zan riƙa ɗauko su daga ƙanƙara. Ina da sauri.

Kaka, ga Baba can a waje yana danna hon, za mu gona. Mama ta leƙo ta ce in ban fita ba ita za ta fito da ni da tsintsiya. Yau ba zan ɗauki littafi ba. Zan ninke wannan sau ɗaya kawai, in zagaya ta tagarsa, in miƙa masa tun bai saka giya ba.

Bismillah.

Houda